Namiji Ba Ya Takaba: Lacca A Kan Fim, Awo Da Rashi

An ɗauko wannan rubutu daga faifan wata lacca da wani malamin fiziks ya gabatar a cikin birnin Kano, gaban marubuta labarin fim, daraktoci da ɗalibai. An rage gaishe-gaishen farko da maimaici, sauran an bar shi yadda ya faɗa.

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina da ke gaba, iyayenmu mata da ke wancan gefen, 'yan fim da ɗalibai, ina gaishe ku.

An ce in yi magana a kan kimiyya da fim. Batun ya yi mini faɗi, don haka na matse shi ya koma fim guda ɗaya, wanda kuma ba a yi shi ba tukuna. Ba shi da suna, ba shi da furodusa. Kyauta zan ba ku, wanda ya ga zai iya ya ɗauka. Fim ne na ban dariya, mai tafiyar hawainiya, jaruminsa kuma dattijo ne da matarsa ta rasu. Na ga wasu sun fara kallon juna. Ku dai biyo ni.

Idan miji ya rasu, matarsa ta san abin da ke gabanta. Alƙur'ani ya yanka mata lokaci a Suratul Baƙara, aya ta 234: wata huɗu da kwana goma. Mai ciki kuma sai ta haihu. Ta san ranar shiga, ta san ranar fita. Ba kwalli, ba lalle, ba turare, ba kwana a wani gida. Dangi sun san su riƙa leƙo ta, maƙwabta sun san su riƙa aiko da kwano. To namiji fa? Namiji ba ya takaba. Kwana uku ne a kan tabarma a ƙofar gida, ana "ya haƙuri", ana addu'a. Rana ta huɗu masu haya su zo su kwashe rumfarsu da kujerunsu, shi kuma ya sa hula ya tafi aiki. Kafin a yi arba'in wata gwaggo ta fara cewa, "Ai zama haka ba zai yiwu ba, ga ƙanwar wance nan." A fahimce ni, ban ce shari'a ta rage shi da komai ba, takaba tana da hikimominta da suka shafi mace da ciki da nasaba. Abin da nake nunawa kawai shi ne, mutumin nan ba shi da wani abu da zai duba ya ce yau na kai rabi, ko saura kaɗan. An sake shi a fili shi da zuciyarsa.

Yanzu ku ɗauki wannan mutum ku mai da shi wanda duk rayuwarsa awo ce. Mu kira shi Dakta.

A kimiyya akwai fanni guda da aikinsa ke nan. Masu yinsa ba sa gano sabon tauraro, ba sa haɗa magani. Aikinsu su tabbatar kilo ɗaya na Kano shi ne kilo ɗaya na Tokyo, litar gidan mai lita ce, sakan ɗin agogon wayarka sakan ne. Mu nan ba baƙin zancen ba ne. Sura guda aka saukar a kan masu tauye mudu. Kuma duk da Nijeriya ta koma tsarin mita da kilo tun shekarun 1970, har gobe kwano ne sarki a Dawanau, yadi ne sarki a Kantin Kwari. Amma masu wannan fanni wasu irin mutane ne, kuma ina so in ba ku labarin ɗaya daga cikinsu don kada ku ce ƙirƙirar halin Dakta na yi.

A 1791 masanan Faransa suka yanke cewa mita za ta zama kashi ɗaya cikin miliyan goma na nisan da ke tsakanin ƙuryar arewacin duniya da layin da ya raba duniya biyu, in an bi ta birnin Faris. Faɗa da baki ba wuya, sai an auna. A 1792 aka tura mutum biyu, Delambre da Méchain, su auna tsakanin Dunkirk a Faransa da Basalona a Sifaniya, ɗaya ya faro daga arewa, ɗaya daga kudu. Faransa kuwa tana tsakiyar juyin juya hali, ana ta sare kawuna. Mutum ya hau hasumiyar coci da na'ura yana leƙe-leƙe, ƙauyawa su ce ɗan leƙen asiri ne su tsare shi. Aikin bai kammala ba sai 1798. To a Basalona, Méchain ya auna matsayin gari ta hanyar taurari daga wuri biyu, sai lissafin ya ƙi haɗuwa. Ɗan bambanci ne ƙanƙani. Ya sake, ya sake, ya ƙi. Sai ya ɓoye bai gaya wa kowa ba. Abin ya yi ta cin sa shekara da shekaru, yana ganin ya ci amanar duniya baki ɗaya. Daga baya ya sake komawa Sifaniya don ya faɗaɗa awon, can zazzaɓin shawara ya kashe shi a 1804. Sai da littattafansa suka shiga hannun Delambre aka ga abin da ya ɓoye. Ga abin tausayin: a 1805, shekara ɗaya tak bayan mutuwarsa, wani masanin lissafi, Legendre, ya wallafa hanyar lissafin da ake bi a sasanta awon da ya saɓa wa juna. Wato masana suka fara zama da gaskiyar cewa babu awon da ba shi da ɗan kuskure a jikinsa, ba don sakacin mai awo ba, don haka abin yake. Mitar da aka fitar ta gaza da kusan kashi biyu cikin goma na milimita, kuma babban dalili shi ne duniyar kanta ba ta da siffar da suka zata. Mutum ya shiga kabari da baƙin cikin abin da ba laifinsa ba ne.

Wannan shi ne kakan Dakta. Mutum mai amana har ta yi masa yawa.

Ga fitowar farko. Kyamara a tsaye a bakin ƙofar ɗaki, ba ta motsi. An dawo daga sallar asuba. Dakta ya shigo da farar jallabiya, ya durƙusa gaban gado, ya ɗauko wani miƙaƙƙen katako ya gicciya a kan katifa, ɓangaren da marigayiya take kwana. Shekara ashirin da biyar na kwanciya sun bar ɗan rami a soson. Ya zura ƙaramar rula ya duba zurfin, ya gyara tabarau, ya sake dubawa, ya buɗe littafi ya rubuta kwanan wata, ƙarfe nawa, milimita nawa. Jikansa ya shigo da gudu zai faɗa gadon, ya cafke shi a sama kamar zai faɗa wuta. Nan za a yi dariya, kuma ya kamata a yi. Babban mutum da furfura yana auna katifa. Bayan minti goma a sake nuna fitowar, daga wuri ɗaya, haske ɗaya. Jiya milimita 14, yau 13. Soso yana tasowa, don haka soso yake. A karo na uku ba wanda zai yi dariya, kuma ba wanda ya ce musu su daina. A karo na huɗu, cikin dare, za mu ga Dakta ya waiga hagu da dama a ɗakin da ba kowa, ya sa tafin hannu ya danna wurin. Mutumin da zai iya kai ƙarar mai gidan mai saboda rabin cokali, ga shi yana yi wa littafinsa algus. Dariyar da za a yi a nan daban take da ta farko, kuma ita nake nema.

Kafin fitowa ta biyu sai na ba ku labarin kilo. Ranar 20 ga Mayu 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu a yarjejeniyar mita, aka kafa ofishin awo na duniya a Sevres, kusa da Faris. Daga 1889, kilo ɗaya a duk duniya yana nufin nauyin wani ɗan curin ƙarfe guda ɗaya, kashi 90 filatinam, kashi 10 iridiyam, tsayinsa milimita 39, faɗinsa ma haka. An kife shi da murfin gilashi uku, ɗaya cikin ɗaya, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ba ya buɗuwa sai da mukulli uku, kowanne a hannun mutum daban. Aka yi masa kwafi aka rarraba wa ƙasashe. Ba a cika fito da shi ba, a fiye da shekara ɗari sau ƙalilan aka taɓa shi, don taɓawa da gogewa suna iya canza shi. Da aka riƙa gwada shi da kwafinsa, sai aka ga sun rabu da kusan makirogiram 50. Ƙwayar gero ɗaya ta ninka wannan sau ɗari ko fiye. Amma ga tambayar da ta hana masana barci: wa ya canza? Shi ne ya rame, ko kwafin ne suka yi ƙiba? Ba yadda za a sani, don shi ne asali, ba wani abu a samansa da za a auna shi da shi. A ƙa'idar wancan lokacin, ko ya rame, kilo ɗaya ne.

To Dakta yana da kwalbar humrar marigayiya. Ya kai ta ɗakin gwaje-gwaje a ɓoye cikin aljihun babbar riga, ya ɗora a sikelin da ake auna magani. Kullum ya buɗe ya shinshina sai ta ragu. In ya bar ta a rufe, tana nan amma ba shi da ita. Wannan fitowa ba ta buƙatar magana ko ɗaya, sai lambobin sikeli da hannun mutum a kan murfi.

Sai miya. Yana son miyar kuka irin tata. Ya kira ƙannenta uku, da ma akwai wasa tsakaninsu. "Kanwa nawa take sawa?" "Yaya, 'yar kaɗan." "Giram nawa?" "Yaya, 'yar kaɗan dai." Daddawa fa? "Yadda hannunka ya ɗauko." Hannun wa? (Dariya.) A ƙarshe kowacce ta dafa ta aiko a kwanon sha, kowacce ta rantse tata ce sak irin ta Yaya Hajiya. Ya jera kwanuka uku a gabansa da cokali uku da littafi. Duk sun saɓa wa juna, duk kuma sun saɓa wa abin da harshensa yake tunawa. To wa ya canza, su ko shi? Asalin yana maƙabarta. Kwafi kawai suka rage, kowanne yana ɗan gocewa a hankali, har da wanda ke kansa. Wanda ya taɓa yin rashi ya san wannan tsoron, ranar da ka nemi muryar mutum a kanka ka ji ba ka tabbata ba.

Masana sun gwada auna baƙin ciki, ba Dakta ne farau ba. A 1967 wasu likitocin ƙwaƙwalwa biyu a Amurka, Holmes da Rahe, suka jera abubuwan da ke girgiza rayuwar mutum suka ba kowanne maki. Mutuwar miji ko mata ta samu 100, ita ce ƙololuwa. Saki 73. Aure kansa 50. (Dariya.) Masu shirin ƙarawa ku yi lissafi. Daga baya kuma likitoci suka sa baƙin cikin da ya ƙi sauka cikin jerin cututtuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara duba lamarin in ya wuce wata shida yana hana mutum rayuwa, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka a 2022 ta ce wata goma sha biyu ga babba. Su ma kwanonsu biyu ne. Ban raina aikin ba. Likita yana buƙatar layi don ya san wanda zai kama wa hannu, kuma akwai mutane a garin nan da ya kamata a kai su asibiti ana ce musu su yi haƙuri kawai. Amma wannan awon na asibiti ne, ba ya gaya maka nawa ka so mutum.

Su kansu masana kimiyyar in abin ya zo kansu fa? Ranar 19 ga Afrilu 1906 keken doki ya take masanin fiziks Pierre Curie a titin Faris ya mutu nan take. Matarsa Marie ta buɗe littafi tana rubuta masa magana kamar yana ji. Aka ba ta kujerarsa a jami'ar Sorbonne. Ranar 5 ga Nuwamba na shekarar jama'a suka cika zaure, wasu sun zo kallon bazawara tana kuka. Ta shigo ta ɗora darasi daga inda mijinta ya tsaya, ta gama ta fita. Ita ce kuma a 1911 ta haɗa ma'aunin sinadarin radiyam na duniya da hannunta, kusan miligiram 22 a cikin ɗan bututun gilashi, aka kai shi Sevres ɗin nan aka ajiye. Richard Feynman kuwa, masanin fiziks na Amurka, matarsa Arline ta rasu da tarin fuka a watan Yuni 1945, lokacin yana aikin bam ɗin nukiliya. Agogon da ke gefen gadonta ya tsaya daidai lokacin da ta cika. Wani zai ce ishara ce. Shi kuwa sai ya zauna ya yi lissafi: agogon da ma mai matsala ne, ɗakin ba haske sosai, nas ta ɗaga shi don ta duba lokacin da za ta rubuta, shi ya tsayar da shi. Bai yi kuka ba a ranar. Sai daga baya, yana wucewa ta gaban wani kanti ya ga wata riga a tagar gilashi, ya ce a ransa wannan za ta so ta. A nan ya fashe. Ku lura, duk cikinsu ba wanda ya yi abin da fina-finanmu ke sa mai rashi ya yi, wato ya dafe kai ya zube ƙasa kiɗa na tashi. Aiki suka koma, abin ya riƙa ɓullowa ta gefe.

Wani zai ce, to don me za a yi dariya a kan wannan? Ai mu muka fi kowa sanin amsar. In tsoho ya rasu, a gidaje da yawa jikoki ne ke kwaikwayon tafiyarsa da tarinsa da faɗansa, su sa hularsa, su tsare iyaye sai an ba su kuɗi, mata na hawaye suna dariya a lokaci ɗaya. Wasu malamai ba sa son abin, na sani, amma yana nuna Bahaushe bai taɓa ɗaukar dariya a matsayin kishiyar kuka ba. Abin da ba mu kawo cikin fim ba ke nan. Barkwancinmu na fim camama ce: gudu, ihu, faɗuwa, kayan da ba su dace da jiki ba. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a ƙarshen 2014, gwani ne na gaske a wannan, Allah ya jiƙansa, kuma wanda ya ce abin da yake yi sauƙi ne bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Amma akwai wata dariyar da ba mu taɓa ba sosai, wadda jarumin bai san yana ba da dariya ba. Buster Keaton, ɗan wasan Amurka na zamanin fim marar magana, ya yi suna ne da fuskar da ba ta motsi, gini na faɗowa a kansa bai ko ƙifta ba. Dakta ma haka. Da gaske yake yi. Kayan aikinsa daidai ne, hanyarsa daidai ce, lissafinsa ba kuskure. Abin da yake aunawa ne ba na aunawa ba. Ranar da ɗan wasan ya kashe wa 'yan kallo ido, fim ya mutu.

Sai batun hawainiya, wanda na san shi ne zai fi yi wa furodusoshi ɗaci. Ku bambanta tsawo da natsuwa. Fina-finanmu masu dogon zango a YouTube suna da tsawo, amma sau da yawa cike minti ake yi. Mota ta zo, ta yi hon, maigadi ya fito, ya leƙa, ya koma, ya buɗe get, ta shiga, Alhaji ya fito, ya rufe ƙofa, ya gyara riga. Minti biyu sun tafi ba abin da ya canza. Wannan jan rai ne. Abin da nake nufi da hawainiya shi ne fim ɗin da ake samun canji a cikinsa, amma na milimita ɗaya, kuma an riga an koya wa mai kallo inda zai sa ido. Shi ya sa ake maimaita fitowar katifa daga wuri ɗaya. Da kyamara tana yawo, da ba za a ga bambancin jiya da yau ba. A awo ma ƙa'idar ke nan: ka tsayar da komai, ka bar abu ɗaya ya motsa.

Akwai wani gwaji da Lev Kuleshov ya yi a Rasha wajen shekara ɗari da suka wuce. Ya ɗauki hoton fuskar ɗan wasa ba yabo ba fallasa, ya haɗa ta da kwanon miya, ya sake haɗa ta da akwatin gawa, ya sake haɗa ta da wata mace. Masu kallo suka ce sun ga yunwa, sun ga baƙin ciki, sun ga sha'awa, alhali fuska ɗaya ce. Mai kallo ne ke zuba abin da ke ransa a fuskar. Amma sai an ba shi lokaci ya zuba. In ka yanke fitowa bayan sakan biyu, ka ɗora kiɗan tausayi, ka sa jarumi ya ce "wayyo ni, ina cikin baƙin ciki", ka ƙwace masa aikinsa. Irin wannan dariya dahuwar ƙafar sa ce, wutar kara ba ta yi mata.

Saura soyayya, na san ita wasu ke jira. Ba rawa a lambu, ku yi haƙuri. A bayan gidan Dakta akwai wata bazawara mai sayar da awo a gida: gero, wake, shinkafa 'yar gida. Da yaro ake aikawa, yanzu ba mai aika yaron, sai ya je da kansa ya tsaya a zaure ya yi sallama. Ya sayi kwano ɗaya na wake, ya koma gida, ya zuba a sikeli, don ba zai iya hana kansa ba. Washegari ya dawo da ƙorafi. "Hajiya, jiya kin ba ni da ƙarin giram 120." "Gyara ne, Dakta." "To amma shekaranjiya giram 70 ne." "Shekaranjiya ai a tsaitsaye ka gaishe ni." (Dariya.) Ya buɗe sabon shafi a littafi. Mako bayan mako layin katifa yana sauka, layin gyara yana hawa. Almajirin gidan ya gane, mai shayi ya gane, ƙannen marigayiya sun gane har sun fara yi masa habaici. Mai digiri uku ne kaɗai a unguwar yake zaune da takarda yana neman dalilin da ya sa kwanon matar nan ba shi da daidaito.

Ita ce kuma za ta gaya masa abin da bai sani ba. Wata rana zai ce mata, ku mata kun huta, an yanka muku lokaci, kun san ranar gamawa. Ita kuma tana tankaɗe ko tana tsince wake, ba tare da ta ɗago ba, ta ce ranar da ta fita takaba ta yi wanka, an sa mata lalle, an ci abinci, baƙi sun watse, ta shiga ɗaki ta yi kukan da ba ta yi ba a wata huɗun. Kwanakin sun gaya mata ranar da za ta fita unguwa, sun gaya wa masu son ta ranar da za su yi magana. Ba su gaya wa zuciyarta komai ba. Kada marubuci ya sa Dakta ya amsa. Ya tsaya da ledar wakensa a hannu, a bar kyamara a kansa har sai mai kallo ya fara gyara zama.

Kuma kada a ƙare da ƙona littafi, ko a nuna sabuwa ta goge tsohuwa. Muna da misali mafi girma. Shekarar da Nana Khadija ta rasu ana kiranta shekarar baƙin ciki, kuma ya tabbata a hadisi cewa shekaru bayan haka, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, in ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayenta da nama. Yadda za ku rufe fim ɗin naku ne. Ni dai na ba ku katifa, kwalba, miya da kwano. Na gode.

Daga nan aka ba da damar tambayoyi.

Wani ɗalibi ya tambaya: Malam, curin ƙarfen nan har yanzu shi ne kilo?

A'a. Ranar 16 ga Nuwamba 2018 wakilan ƙasashe suka kaɗa ƙuri'a a Versailles, a Faransa, daga 20 ga Mayu 2019 aka ɗaure kilo da wata lamba ta halitta da ba ta canzawa, lambar Planck. Da ma an riga an yi wa sakan haka a 1967, aka ɗaure shi da kaɗawar zarrar siziyam sau 9,192,631,770, aka yi wa mita a 1983 da gudun haske. Ƙarfen yana nan a Sevres, an yi masa ritaya. Yanzu shi ma ana iya ɗora shi a sikeli a ce ya rame ko bai rame ba.

Wata dattijuwa ta ce: Ɗana, wannan auna katifar ba rashin tawakkali ba ne za ku koya wa mutane?

Mama, tambayarki tana kan hanya. Dakta yana sallarsa, yana yi mata addu'a, bai yi wa Ubangiji tsawa ba, bai yaga riga ba. Lokacin da ɗan Annabi, Ibrahim, ya rasu, idanunsa sun zubar da hawaye, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Annabi Yaƙub ma idanunsa sun yi fari don baƙin ciki, Alƙur'ani ya faɗa. Abin da nake tsoro, Mama, shi ne mazan da muka hana su nuna komai, muna ce musu kai namiji ne. In mutum ya ga Dakta ya yi dariya, ya koma gida ya gane shi ma yana da tasa katifar, ban ga an rage masa imani ba.

Wani furodusa ya ce: Malam, gaskiya wa zai sayi wannan? Mu kasuwa muke.

Alhaji, ban ce ka sayar da mota ka zuba ba. Lissafa da ni: gida ɗaya a cikin gari, zaure ɗaya, ɗakin gwaje-gwaje na aron yini guda, 'yan wasa ba su wuce bakwai ba. Ba hayar otal, ba jerin motoci, ba ɗinkin anko. Inda kuɗinka zai tafi shi ne sauti, don fim ɗin da ba surutu a cikinsa komai ana ji, janareton maƙwabci da hon ɗin Adaidaita Sahu za su kashe maka aiki. Ku ɗauka da sassafe, ku sami mai sauti na kirki ku biya shi da kyau. Kuma kada ku fara da zango goma. Ku yi na minti ashirin ku haska wa mutum talatin a ɗaki, ku zauna a baya ku ji inda suka yi dariya da inda suka ciro waya. Babbar wahalar ita ce ɗan wasa. In kun samu dattijon da zai iya zama minti biyu gaban kyamara bai taɓa hularsa ba, bai yi tsaki ba, bai girgiza kai ba, ku neme ni, sikelin ni zan ara muku.